Gurasar Azhar da cikin ɗalibi

A zauren malamin da na karanta Risala a wurinsa akwai wasu littattafai masu takarda ruwan ɗorawa, falle-falle cikin bangon fata, ba ɗinki. Bugun Misra ake ce musu. Idan ka buɗe sai ka ga rubutu ya cika tsakiya, wani kuma ya zagaye gefe kamar zubin tabarma. Wata rana bayan an tashi darasu, ina tattara masa su, na ce: “Allah gafarta Malam, su wane ne Dardiri da Dasuƙi da Ilish ɗin nan da kullum ake cewa sun ce?” Ya ce malaman Azhar ne, Malikawa ’yan’uwanmu. Ya ɗan yi shiru yana gyara zaman buzunsa, sannan ya ƙara da cewa: “Can, yaro, gurasa ake ba ɗalibi ya zauna ya yi karatu.”

Na daɗe ina ɗaukar maganar nan a matsayin irin kirarin da dattawa kan yi wa ƙasar da ba su taɓa zuwa ba. Sai da na girma na bi tarihin wurin, na tarar gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ta fi yadda ya faɗe ta nauyi. Ra’ayina a yau shi ne, abin da ya riƙe Azhar ta Alƙahira a ƙarni na 19, ya sa ta haifi mutanen da har gobe muke karanta littattafansu, gurasar nan ce kafin komai. Duk al’ummar da ta kira yaro karatu, alhakin cikinsa yana wuyanta. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Azhar ta wancan zamani ba jami’a ba ce irin wadda muka sani da ƙofar shiga da katin shaida da ofishin rajista. Masallaci ne, wanda Jauhar, kwamandan Fatimiyawa, ya aza harsashinsa a 970, aka fara salla cikinsa a 972. Babu aji, babu ƙararrawa, babu kuɗin makaranta. Shehi yakan jingina da ginshiƙinsa, ɗalibai su kewaye shi a ƙasa, can gaba kaɗan wani shehin da nasa taron, zaman ’yan marina kowa da inda ya sa gaba. Bayan asuba a shiga tafsiri ko hadisi, hantsi ya zama na fiƙihu, bayan azahar a koma nahawu. Ɗalibi shi ke zaɓen wanda zai zauna gabansa. Idan karatun shehi bai gamsar da shi ba, gobe sai ya ɗauki tabarmarsa ya koma wani ginshiƙin, kuma malamin da taronsa ya watse ya san hukuncin da aka yanke masa ba tare da kowa ya faɗa ba. In an tashi, ɗalibai su bi layi su sumbaci hannun shehi. In an sauke littafi a yi ’yar walima da turare da kayan zaƙi. Sha’aban da Ramadan hutu ne, ’yan ƙauyukan Masar su tafi gida, baƙin nesa su zauna, domin wanda ya fito daga Jawa ko Barno ba shi da gidan da zai je ya dawo cikin wata biyu. A shekarun 1870 masu karatu a wurin sun kai wajen dubu goma.

Mutum dubu goma, galibinsu ’ya’yan manoma da baƙi, a ina suke kwana, me suke ci? A nan ne abin da ake kira riwaƙi ya shigo. Riwaƙi wani sashe ne na masallacin ko wani gini da ke manne da shi, wanda aka keɓe wa mutanen wata ƙasa ko wani yanki. Akwai na Sa’idawa, mutanen kudancin Masar, wanda Shehu Ahmad Dardiri ya shugabanta kafin rasuwarsa a 1786. Akwai na Magaribawa, na mutanen Sham, na Turkawa, na Kurdawa, na mutanen Indiya, na Jawa. Akwai na Jabarti domin Musulmin Habasha da maƙwabtansu, akwai na Sinnar, akwai na Darfur. Kuma akwai riwaƙin Barnawa. Duk lokacin da na iso kan wannan sunan sai na ji wani abu a ƙirjina, domin yana nufin yaron da ya taso daga bakin tafkin Chadi, ya ratsa hamada watanni a bayan raƙumi ko a ƙasa, idan ya shigo Alƙahira yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa a amsa masa da harshen da ya sani. Alaƙar ma ta girmi ƙarni na 19 nesa ba kusa ba. Tun a shekarun 1240 mutanen Kanem suka ba da dukiyar da aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a tsohuwar Alƙahira domin Malikawa da matafiyansu. Masanin lissafin nan Muhammad al-Kashnawi, mutumin Katsina, a Alƙahira ya ƙare rayuwarsa wajen 1741, a gidan Shehu Hasan Jabarti, mahaifin marubucin tarihin nan Abdurrahman Jabarti.

Kowane riwaƙi yana da shehinsa, wanda ke sasanta rikici, ya tsaya wa ɗalibansa a gaban hukuma. Yana da naƙibi mai riƙe da littafin sunaye. Yana da akwatunan katako jere a jikin bango inda ɗalibi ke kulle ’yan littattafansa da rigarsa ta Juma’a da busasshiyar gurasar da aka aiko masa daga ƙauye. Manyan riwaƙai suna da ɗakin littattafai nasu na aro. Abin da ya fi duka, kowanne yana da wakafinsa, wato hubusi: gidajen haya, shaguna, gonaki, waɗanda wani sarki ko attajiri ko wata baiwar Allah ta tsayar, aka rubuta a takarda gaban alƙali cewa abin da suka samar na ɗaliban wuri kaza ne. Daga nan ake toya gurasar da ake kira jaraya.

Ka ɗauka kana tsakar masallacin da sassafe a lokacin sanyi. Waɗanda ba su sami gurbi a cikin riwaƙi ba sun kwana a fili, sun naɗe tabarmi, wani ya yi matashi da takalminsa don kada a wayi gari babu shi. A Ƙofar Wanzamai ana yi wa wasu aski. Sai ga masu ɗaukar kaya sun shigo da kwanduna a ka. Naƙibi ya buɗe littafi yana kiran suna, kowa ya miƙa hannu ya karɓi adadin da aka rubuta masa, sabon shiga kaɗan, tsohon ɗalibi fiye da haka, malami fiye da kowa. Mai ɗan hali ya aika a sayo masa dafaffen wake a ƙofar masallaci, mara hali ya ci da albasa ko gishiri. Wani ya ware guda ɗaya ya sayar don ya sami na man fitila ko na takarda. Babu wanda ya durƙusa wa wani kafin ya karɓa, babu wanda ya yi roƙo. Sunansa ne a littafi, haƙƙinsa ne ya karɓa.

Wannan bambanci tsakanin haƙƙi da alfarma shi ne duk abin da nake son mai karatu ya riƙe. Sadakar da mutum ke bayarwa ranar da ya ga dama tana da lada, amma ba a gina karatun shekara goma sha biyar a kanta. Ɗalibin da bai san ko zai ci gobe ba, rabin hankalinsa yana kan gobe. Wakafi kuwa ba ya fushi, ba ya tafiya Umara ya manta da kai, ba ya mutuwa ranar da mai shi ya mutu. Shi ya sa yaro irin Rifa’a Tahtawi, wanda danginsa suka talauce, ya iya shigowa Azhar a 1817, ya zauna gaban Shehu Hasan Attar, har aka tura shi Faris a 1826 a matsayin limamin ɗalibai, ya dawo ya zama uban aikin fassara a Masar. Shi ya sa makafi suke da zawiyarsu ta musamman a gefen masallacin, ɗaruruwansu, suna haddace littattafai da kunne, kuma an san su da tayar da ƙayar baya duk ranar da aka taɓa musu rabo. Ni wannan tayar da ƙayar bayan ma burge ni take yi, domin mutum ba ya faɗa a kan abin da bai yarda nasa ne ba.

A wannan ƙarnin dai, a Oxford ta Ingila, har zuwa 1854 wanda bai sa hannu kan aƙidar Cocin Ingila ba ba ya samun shiga. ’Ya’yan sarauta suna da tuntu na zinariya a hularsu don a bambanta su da sauran, talaka mai ƙwaƙwalwa kuwa a wasu kwalejojin sai ya shiga a matsayin mai hidima, matsayinsa a ƙasa da na kowa. Ba na faɗin haka don in rage wa wancan wuri daraja a fagen ilmi. Ina faɗa ne don a ga cewa buɗe ƙofa ga ɗan talaka ba abu ne da kowace babbar makaranta ta wancan zamani ta ɗauka wajibi ba.

Sai dai ba zan yi wa mai karatu adalci ba idan na tsaya a nan. Rayuwar mujawiri, kamar yadda ake kiran ɗalibin da ya tare a masallacin, rayuwa ce mai tsanani. Gurasar ba ta isa kowa ba. Adadin da wakafi ya ƙayyade shi ne adadin, don haka sabon zuwa yakan shiga jerin masu jira, wani lokaci shekaru, sai wani ya gama ko ya tafi ko ya mutu kafin a rubuta shi. A tsakanin nan sai ya rayu da guzurin gida, ko ya riƙa karatun Alƙur’ani a gidajen makoki da maƙabartu, ko ya kwafi littafi da hannu a biya shi. Ita kanta gurasar ba ta kirki ba ce kullum. Marubucin Masar Taha Husain, wanda ya shigo makarantar yana yaro makaho a 1902, ya ba da labarin yadda ake tsintar ƙaiƙayi da tsakuwa da ƙwari a cikinta, da yadda yakan yi watanni ba abin da yake haɗa ta da shi sai baƙar zumar rake. Kuma rabon ba daidai yake ba tsakanin riwaƙai. Wanda Allah ya haɗa da masu wakafi masu hannu da shuni ɗalibansa suna cikin sauƙi, ƙananan riwaƙan baƙaƙen fata irin namu kuwa ba su kai can ba. Da gwamnati ta fifita mazhabar Hanafiyya wajen naɗa alƙalai, sai ga ’ya’yan gidajen Shafi’iyya da Malikiyya suna sauya mazhaba saboda aiki da rabo. Mace kuwa ba ta da gurbi a wannan tsari gaba ɗaya, sai bayan dokar 1961 aka buɗe wa ’yan mata sashensu.

Zaman riwaƙi ya haifar da zumunci, ya kuma haifar da ɓangaranci. Sa’idawa sun yi suna da zafin kai, Magaribawa ba sa ɗaukar raini, kuma faɗa kan wurin zama kusa da shehi ko kan wata ’yar magana yakan koma rikicin ƙasa da ƙasa, da sanduna da takalma, har sai shehunnai sun shiga tsakani. Cunkoso da ƙarancin tsafta suka sa cuta ta sami wurin zama. A 1896, lokacin annobar kwalara, wani ɗalibi ya kamu a riwaƙin mutanen Sham. Hukuma ta zo ɗaukarsa zuwa asibiti, ’yan’uwansa suka ƙi, domin a ganinsu wanda aka kai can ba ya dawowa, kuma ba su saba ɗan sanda ya keta musu riwaƙi ba. Aka yi jifa, aka rufe ƙofa, ’yan sanda suka buɗe wuta a cikin masallaci, aka rasa rayuka, aka kama da yawa, aka rufe riwaƙin na wani lokaci. Ina jin zafin abin da aka yi wa waɗannan samari, kuma ina ganin kuskurensu a fili. Son ɗan’uwa ne ya sa suka tare ƙofa, rashin sanin yadda cutar ke yaɗuwa ne ya sa suka jefa dubban mutane cikin haɗari. Makarantar da ta koya musu i’irabin kowace kalma ba ta koya musu abin da ke cikin ruwan da suke sha ba.

Wannan shi ne ƙorafin Muhammad Abduh, malamin Masar da ya nemi a yi wa Azhar gyara, kuma yana da gaskiya. Shi da kansa ya gudu daga karatu a masallacin Ahmadi na Tanta yana yaro, bayan ya shafe shekara ɗaya da rabi ana karanta masa sharhin Ajurumiyya bai fahimci komai ba. Ya shigo Azhar a 1866, ya tarar ana ɓata shekaru kan sharhin sharhi da hashiyar hashiya, ana jayayya kan lafazin marubuci an bar ilmin da marubucin ke son isarwa. Shehu Muhammad Ilish, babban muftin Malikawa wanda sharhinsa na Muhtasar ke zaurukanmu, yana cikin waɗanda suka tsananta masa. Kafin 1872 babu ma jarrabawa. Mutum yakan karɓi ijaza daga shehinsa, ya gwada zama a gindin ginshiƙi, in ya iya amsa tambayoyin masu son kunyata shi ya zama malami. A wannan shekarar ce, zamanin Shehu Muhammad Abbasi Mahdi, aka kafa jarrabawar Alimiyya a fannoni 11 gaban shehunnai 6, kuma Abduh ya ci ta a 1877 da daraja ta biyu. Daga baya, a tsakiyar shekarun 1890, ya shiga majalisar gudanarwar makarantar ya yi ta faman a tsara albashi, a kula da lafiyar ɗalibai, a tattara littattafai wuri guda, a shigo da lissafi da labarin ƙasa. Ya sha adawa har ya ajiye muƙamin a 1905, shekarar da ya rasu.

Abin lura shi ne, a duk gyaran da Abduh ya nema, bai taɓa cewa a daina ciyar da ɗalibi ba. Masu cewa ciyarwa tana tara malalata suna da hujja a tarihin Azhar, ban musa ba. Da yake an ɗauke wa mujawiri aikin soja da aikin tilas, akwai waɗanda suka shige masallacin don su tsira daga bariki, suka rubuta suna suna karɓar gurasa, ba su san inda aka kwana a littafi ba. Amma maganin da aka nema shi ne a gyara littafin sunaye, a duba halarta, a sa jarrabawa. Ba a ƙone rumbu don ɓera ya shiga.

Akwai wani darasi da ya fi wannan ɗaci, kuma shi ne ya sa nake tsoron duk tsarin da zai mayar da cikin ɗalibi da na malaminsa hannun mai mulki shi kaɗai. A 1795, da wasu sarakunan Mamluk suka matsa wa manoman wani yanki, Shehu Abdullahi Sharƙawi da malamai suka rufe Azhar, kasuwanni suka bi su, har sai da sarakunan suka sa hannu a takardar alkawarin daina zalunci. A 1798 daga wannan masallaci aka tayar wa sojojin Napoleon, har suka yi masa ruwan harsashi suka shiga da dawakai. A 1805 malamai, da Sayyid Umar Makram a gaba, su suka tsaya har Muhammad Ali ya hau mulkin Masar. To, da ya zauna daram, sai ya waiwayo kan abin da ke ba su ƙarfi. A 1809 ya sa haraji kan gonakin wakafi, ya raba kan shehunnai, ya kori Umar Makram zuwa Dimyat. Cikin ’yan shekaru ya karɓe gonakin ya mayar da su hannun gwamnati, ya ce baitulmali zai riƙa biyan masu haƙƙi. Daga nan murya ta fara dusashewa. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Ba a rasa jarumai ba, domin shi Shehu Ilish ɗin, yana tsoho ɗan shekara tamanin, ya mara wa boren hafsan sojan Masar Ahmad Urabi baya, kuma a tsare ya rasu a 1882 bayan Ingila ta mamaye ƙasar. Amma makarantar da a da take rufe ƙofarta gari ya tsaya, ta koma tana jiran abin da za a yanko mata.

Abin da ya sa tarihin nan ya hana ni sakat shi ne wani abokin ɗakina a jami’a. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi makarantar ba. Ɗan ƙauye ne, lissafi yake karanta, kuma a ajinsu shi ake taruwa a kai idan darasi ya gagara. Yana da wani ƙaramin bokiti mai murfi a ƙarƙashin gado, garin kwaki a ciki, da ƙulli na ƙuli-ƙuli a leda. Da azahar zai ɗebi gari da murfin kofi, ya auna sau biyu, ya zuba ruwa ya bar shi ya kumbura sosai kafin ya sha, don ya fi cika ciki. Kullum yana azumin Litinin da Alhamis, muna yaba masa, sai daga baya na gane har Talata da Laraba yakan kai magariba bai sa komai a baki ba. In muka dafa taliya muka ce bisimilla, sai ya ce alhamdu lillahi yanzu ya ci. Wata rana a ɗakin jarrabawa jiri ya ɗebe shi, aka fito da shi ana yi masa fifita da takardar tambayoyi. A aji uku ya tafi hutu bai dawo ba. Mun yi masa karo-karo sau ɗaya, sau biyu, mu ma ɗin ba mu da shi. Da a ce akwai littafin da aka rubuta sunansa, da naƙibin da zai kira shi kowace safiya ya miƙa masa abin da yake nasa, da bai buƙaci ya ɓoye yunwarsa don kare mutuncinsa ba.

Ba yau aka fara wannan magana a ƙasar nan ba. A watan Afrilun 1978 ƙarin kobo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na yini ne ya tayar da zanga-zangar da aka yi ta kiran a sauke Kanar Ahmadu Ali daga kujerar ilmi, aka kashe ɗalibai a Legas da Zariya. A 1984 aka janye tallafin abinci a jami’o’in tarayya, kuma tun daga nan ɗalibi ya koma ɗan risho da tukunya. Yanzu an kawo bashin karatu tun 2024, har da ɗan abin kashewa na wata. Ban raina shi ba, ya rufa wa wasu asiri. Amma bashi ne, kuma yana hannun gwamnati, wadda ke iya ba da shi bana ta tsuke shi baɗi. A ɗaya gefen ga almajiran tsangaya. A da gari ne ke ɗauke da su, kowane gida da ƙoƙon almajirinsa, sarakunan Barno kuma suna ba malamai takardar mahram da ke ɗauke musu haraji don su ji da karatu. Wancan tsari ya rushe, ba a maye gurbinsa da komai ba, aka bar yaro ɗan shekara bakwai da roba a hannu a bakin titi. Muna ta gardama kan a hana bara ko kada a hana, alhali tambayar da Azhar ta amsa tun ƙarnoni da suka wuce ita ce: daga wace gona abincin yaron nan zai fito, kuma wa ke riƙe da littafin sunansa?

Muna da masu hali. Muna da mutanen da ke gina masallacin Juma’a a inda ake jin kiran sallar wani masallacin Juma’ar, suna zuwa Umara kowace shekara, Allah ya karɓa musu. Abin da ban cika gani ba shi ne mutum ya tsayar da shaguna biyar a kasuwa, ko gona, ko gidan haya, ya rubuta gaban alƙali da shaidu cewa kuɗin hayarsu na abincin ɗaliban garinsu ne da ke jami’a kaza, ko na almajiran tsangaya kaza, har abada. Fiƙihun da muke karantawa yana da babi guda a kan hubusi, Dardiri da Dasuƙi da Ilish duk sun yi masa sharhi dalla-dalla, mun haddace sharuɗɗansa, mun bar aikin. Riwaƙan ma muna da su ba mu sani ba. Kowace jami’a tana da ƙungiyar ɗaliban jiha kaza da ta ƙaramar hukuma kaza, sun san junansu, sun san wanda ke kwana da yunwa. Abin da suka rasa shi ne dukiya tsayayya a bayansu, sai yawon kai takardar neman taimako ofis-ofis, su dawo da alkawari.

Na san za a ce amana ta yi ƙaranci, wanda aka ba riƙon wakafi shi zai fara cinye shi. Haka ne, a Masar ma an sha cin dukiyar wakafi. Shi ya sa ba a barin ta hannun mutum ɗaya, kuma shi ya sa ake rubuta sunan masu haƙƙi a fili, domin wanda ya san rabonsa shi ne mai gadin da ba a biya. Makafin Azhar ba su da akanta, amma ba a iya rage musu gurasa ɗaya a kwana lafiya. Kuma na san za a ce wannan aikin gwamnati ne. Gwamnati ta yi nata, wajibinta ne, ba na yafe mata. Amma na ga abin da ya sami malaman da suka wayi gari abincinsu duka yana fitowa daga baitulmalin Muhammad Ali, ba na yi wa ɗalibanmu da malamanmu fatan haka.

Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban garinmu tana taro kowace shekara kwana biyu bayan Babbar Salla. Bana na nemi a sa ni cikin masu magana. Abin da zan kai musu bai wuce wannan ba: mu haɗa kuɗi mu sayi shago ɗaya a bakin kasuwa, mu kai takardarsa gaban alƙali a rubuta shi hubusi, mu zaɓi mutum uku da ba dangin juna ba su riƙe shi, mu buɗe littafi mu rubuta sunayen yara goma, kuma a riƙa karanta lissafin a bainar jama’a duk ranar taro.